Wace kiliya zan fesa kan sitikar ƙaramar mota: akirilik, lakwa ko 2K?

Duk wanda ya taɓa harhaɗa 'yan motocin roban nan na Tamiya ko Hasegawa ko Aoshima masu girman 1/24 ya san inda gaba ke faɗuwa. Ka gyara bodi, ka fesa kala ta kwanta lumui, ka kwashe dare uku ko huɗu kana jera sitikar ruwa ɗaya bayan ɗaya, wata ma bata kai ƙwayar shinkafa ba, sai a zo wajen rufe ta da kiliya mai ƙyalli, wato fentin nan marar kala da ake fesawa a ƙarshe. Toh a nan ne aikin wata guda ke iya tashi a banza cikin minti biyu, kana riƙe da bindigar feshi kana kallo sitikar tana yamutsewa kamar ganyen da ya sha rana, kuma babu abinda zaka iya yi. Shi yasa mutane da yawa suke ajiye bodin a kwali ya yi watanni, an kasa yanke shawarar wace kiliya za'a saya.

Ɗan uwa in kana cikin wannan halin, zaɓin da ke gabanka uku ne: akirilik, lakwa (wadda zaka ga an rubuta Lacquer a jikin kwalbar), sai kuma 2K irin ta masu fentin mota. Duk ukun nayi aiki dasu, kuma tun yanzu zan faɗa maka ra'ayina don kar in ja ka da nisa: mafi yawan sitikar da ta lalace ba sunan kamfanin kiliya bane ya kashe ta, hannun farko da aka fesa da nauyi ne, da kuma ruwan da bai gama bushewa a ƙarƙashinta ba. Amma duk da haka akwai bambanci sosai tsakanin ukun.

Sai ka fara gane mece ce sitikar ita kanta. Tawada ce aka buga kan wata 'yar fatar banish siririya, da gam mai narkewa a ruwa a bayanta. Kaga kenan ita ma dangin fenti ce, duk sinadarin da zai narkar da fenti zai iya ratsa ta ya kumbura ta. In kuma akwai iska ko danshi da ya maƙale a ƙasa, musamman inda ta hau kan lanƙwasa ko ta tsallake layin ƙofa, tina, wato ruwan tsinka fenti, tana shiga sai wajen ya taso yayi ƙuraje.

Abubuwan da nake aunawa

Na farko kuma babba, zafin kiliyar a kan sitika, wato yaya take cin ta. Na biyu ƙyalli da ƙarko, a nan har da wani abu da sababbin shiga basa lura dashi, wato tudun gefen sitika. Komai sirantar sitika tana da kauri, in haske ya bugi bodin zaka ga ɗan tudu a zagayenta, masu son aiki ya fito kamar madubi sai sun tara kiliya sun goge da samfefa har tudun ya ɓace, kuma ba kowace kiliya ce ke jure wannan gugar ba. Na uku sauƙin aiki da tsawon jira. Na huɗu kuɗi, kuma gaskiya a wajenmu kuɗin kwalbar ba shine matsala ba, kuɗin kawo ta ne, don fenti mai kama wuta ba kowane mai sayarwa ne ke yarda ya sa shi a jirgi ba. Na biyar lafiyar ƙirjinka da ta mutanen gida. Akwai na shida da bana mantawa dashi: in anyi kuskure, ana iya wankewa a sake?

Akirilik

A nan akwai gida biyu. Akwai na ruwa zalla irin banish ɗin Vallejo da Aqua Gloss na Alclad, da kuma man goge daɓen nan da aka fi sani da Future ko Pledge wanda masu wannan sana'a a Amurka da Turai suka shekara da shekaru suna amfani dashi, yanzu kam ya yi wuyar samu. Sai kuma Tamiya X-22, shima akirilik ne amma da alkohol a cikinsa, yana zuwa a kwalbar mil 10 da ta mil 23.

Wajen lafiyar sitika babu kamarsu. Na ruwan kusan zaka iya cewa basa taɓa sitika sam, ko tsohuwar sitikar da ta shekara 20 a kwali ta fara rauni zasu rufe ta lafiya. Wari kaɗan ne, wanke bindiga ba wahala, in kuma aiki ya ɓaci ka jiƙa bodin a alkohol ɗin isofurofil ya saɓule.

Matsalarsu taushi. Sama ya bushe da wuri har ka ɗauka an gama, amma ciki na nan da laushi, ka riƙe bodin da ɗan ƙarfi bayan kwana uku sai kaga zanen yatsanka ya zauna a rufin mota, ranar kam bazaka ci abinci da daɗi ba. In ka sa samfefa da wuri kuma sai ya riƙa dunƙulewa kamar cingam maimakon ya zama gari. X-22 ya fi na ruwan tauri nesa ba kusa ba, musamman in ka tsinka shi da Mr. Color Leveling Thinner maimakon tinarsa ta X-20A, zai kwanta sumul yayi ƙyalli mai kyau, sai dai ka sani da ka zuba masa wannan tinar ya ɗauki wani kaso na zafin lakwa, dole ka bi shi da irin taka-tsantsan ɗin da zan faɗa a ƙasa. Ni dai bana taɓa X-22 da samfefa sai ya yi sati biyu, in da hali ma uku.

Kuɗinsa sauƙi, daloli kaɗan ne kwalba, kuma na ruwan sun fi sauƙin shigowa ta jirgi.

Lakwa

Wannan ita ce tawa, kuma ita zan fi daɗewa a kai. Waɗanda aka fi sani sune Mr. Color GX100 Super Clear III na kamfanin GSI Creos na Japan, kwalbar mil 18, da ɗan uwansa GX112 wanda aka ƙara masa kariya daga hasken rana don farin fenti da kalar sitika kar su dushe da wuri, sai Tamiya LP-9 mai mil 10. Akwai kuma na gwangwani TS-13, kiliya ce mai kyau, amma an san ta da zafi kan sitika don gwangwani baya baka damar rage yawan abinda ke fita, yana watso fenti da tina da yawa lokaci guda. In da bindigar feshi a hannunka na kwalba ya fi maka.

Yadda lakwa ke bushewa shine tinar ta tashi ta bar fentin, ba wani haɗin sinadari, shi yasa duk sabon hannu da ka fesa yana ɗan narkar da na ƙasa su haɗe su zama abu ɗaya. Wannan shine alherinta kuma shine sharrinta. Alherin, in ƙura ta faɗa ko ka goge har ka kusa cin sitika, sai ka ƙara hannu ɗaya ya haɗe ba tabo. Sharrin, in ka jiƙa ta sharkaf a hannun farko tinar zata zauna kan sitika ta ratsa ta.

Ni ma na taɓa wannan kuskuren da wata motar rali mai babbar sitika da ta rufe bonet gaba ɗaya. Cikin damina ne, na manna da daddare, washegari da rana ɗoki ya ɗebe ni na fesa hannu mai nauyi don ina son ganin ƙyalli nan take. Kafin in ajiye bindigar bonet ɗin ya yi ƙuraje, gefen hagu ya tattare. Laifina ne ba na fenti ba, sitikar bata bushe ba kuma na yi mata ambaliya. Sai da na jira kusan wata biyu kafin wata takardar sitikar ta iso, kuma wallahi har yau in na tuna raina yana sosuwa.

Ga yadda nake yi tun daga lokacin. Sitika tana hawa ne kan fenti mai santsi, don in fentin na da kaushi iska zata maƙale ta bada wannan farin kamar azurfa a gefe. Ina amfani da ruwan kwantar da sitika, Micro Set da Micro Sol ko Mr. Mark Setter da Softer, in ga ta shige kowane layi, duk inda naga kumfa in huda da bakin allura in ɗiga ruwan. Sai in barta aƙalla kwana biyu, da damina kwana huɗu ko biyar. Sannan in goge bodin da tsumma mai laushi da ɗan ruwa don cire ragowar gam, wannan ragowar ita ce ke komawa ruwan ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin kiliya bayan shekara ɗaya ko biyu kuma a lokacin ba gyara.

Wajen feshi, ina tsinka GX100 kashi 1 da tina kashi 2, wani lokaci har 3, iska wajen psi 15 zuwa 20, bakin bindiga milimita 0.3 ko 0.5. Hannu uku na farko raɓa kawai nake yi, daga ɗan nesa, yadda fentin zai sauka kusan a bushe, bodin ma zai yi kamar ya dushe ba ƙyalli, kar wannan ya dame ka haka ake so. Tsakanin kowane hannu minti 15 zuwa 20. Wannan raɓar ita ce katangar da ke tsakanin sitika da tina. Bayan nan in barshi ya kwana, washegari in fara hannu masu ɗan nauyi biyu ko uku, kuma ko a nan bana tsayawa a waje ɗaya.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani, lakwa tana tsukewa yayin da tinar ke fita, har tsawon kwanaki. In ka goge tudun sitika bayan kwana biyu zaka ga ya ɓace, bayan sati uku ka ɗauko motar kaga layin ya dawo. Don haka ka bata sati guda cur ko fiye, ka sa hanci, in har kana jin warin tina bata gama ba. Daga nan samfefa mai lamba 2000 ko 3000 da ruwa, a hankali, ka guji kusurwoyi da bakin ƙofa don nan fenti ya fi siranta, ka haura zuwa 6000, 8000 har 12000 in kana da samfefa mai laushi ta Micro-Mesh, sannan man folish na Tamiya kala uku daga mai kaushi zuwa na ƙarshe. Ƙyallin da zaka samu siriri ne mai kama da na motar gaske, layukan ƙofa da bonet suna nan da kaifinsu basu cike ba.

Warinta fa akwai ƙarfi kuma tana kama wuta. Takunkumi mai tace tururin sinadari dole ne, ba na tsumma ko na asibiti ba, ga taga a buɗe da fanka mai fitar da iska waje. Kuma don Allah kar ka tsinka ta da tinar galan ta kasuwar fentin mota, waccan zafinta zai iya cin robar bodin kanta balle sitika, ka barta wajen wanke kwalabe.

2K

Ita wannan kiliya ce da hadina, wato ruwan da ke sa ta tauri, ka haɗa su su sandare ta hanyar sinadari, irin dai wadda ake fesa wa motar gaske a garejin fenti. Akwai kamfanonin da ke ƙulla ta a ƙananan kwalabe don masu ƙananan motoci, kamar Zero Paints a Ingila da Gravity Colors, yawan haɗin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani don haka abinda aka rubuta a jiki zaka bi, da sirinji ko ƙaramin kofin awo, banda kintace.

Gaskiya ƙyallinta ba'a magana. Hannu ɗaya na raɓa, biyu masu nauyi, ka ajiye bindiga kaga bodi kamar an tsoma shi a ruwa, sau da yawa ko folish baya buƙata. Tana da kauri kuma bata tsukewa sosai, don haka tana binne tudun sitika fiye da sauran, bayan kwana ɗaya ko biyu ta yi tauri kamar gilas, yatsa baya zama. Kuma abin mamaki bata cika cin sitika kamar lakwa ba in dai ba ka cika mata tina ba. Ga shi ita ce ma mafi sauƙin samu a wajenmu, duk inda ake sayar da fentin mota akwai ta, ba jiran jirgi.

Toh me ya hana in ce kowa ya koma kanta? Abu uku. Na farko kaurin nan nata yana cike layukan ƙofa da ƙananan zane, in hannunka ya yi nauyi motar sai ta fito kamar alawar da aka tsoma a sikari, ƙyallin ya fi ƙarfin girman 1/24. Na biyu bata yafiya. Da ka haɗa agogo ya fara, cikin awa ɗaya zuwa 'yan awanni ta fara kauri, da zafin watan Afrilu ma ya fi haka sauri, abinda ya rage zubarwa zaka yi, in kuma ka manta ta sandare a cikin bindiga babu tinar da zata narkar da ita. Haka in ta zubo ko ƙura ta faɗa, sai dai guga, wanke ta daga bodi kuwa aiki ne ja. Hadinar ma in an buɗe ta tana shan danshin iska ta lalace cikin watanni, mai yin mota biyu a shekara asara zai yi ta yi.

Na uku shine wanda yafi damuna. Hadinar tana ɗauke da isosayanet, sinadarin da ke jawo asma. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta daɗe tana lissafa shi cikin manyan abubuwan da ke jawo asma a wurin aiki, masu fentin mota ne a sahun gaba, kuma shawararta garesu ita ce takunkumi mai kawo iska mai tsabta ta tiyo. Ƙurar feshin bata ganuwa, tana daɗewa a iskar ɗaki bayan ka gama, kuma in jiki ya riga ya kamu da ƙinsa, ɗan kaɗan ma ya isa ya tada ciwon har ƙarshen rayuwa. Na san ɗan abinda muke fesawa bai kai na gareji ba, amma mu a ina muke fesawa? A ɗakin kwana, a falo, a baranda inda yara ke wasa. Wannan ban yarda dashi ba ko kaɗan.

| Abin dubawa | Akirilik | Lakwa | 2K |
|---|---|---|---|
| Haɗari ga sitika | kaɗan ƙwarai | babba in an jiƙa da wuri | matsakaici zuwa kaɗan |
| Ƙyalli | mai kyau, X-22 ya fi | sosai bayan folish | mafi ƙarfi, tun daga bindiga |
| Tauri | taushi | mai kyau | kamar gilas |
| Jira kafin guga | sati 2 zuwa 3 | sati 1 ko fiye | kwana 1 zuwa 2 |
| Gyaran kuskure | sauƙi | sauƙi | wahala |
| Kuɗi | araha | araha, kawowa ke da tsada | ya fi tsada, ga asarar ragowa |
| Lafiyar ƙirji | sauƙi, amma a sa takunkumi | sai takunkumin sinadari | haɗari babba |

Yanayin gari ma yana da ta cewa, kuma bayanan da ke jikin kwalaben nan an rubuta su ne don ƙasashe masu sanyi. Da damina lakwa tana yin fari kamar hazo saboda tinar na tashi da sauri ta sanyaya bodin danshi ya sauka a kai, maganinsa tina mai jinkirin bushewa irin Leveling da kuma matarin ruwa a tiyon kwamfuresa, in ana ruwa ma ka haƙura kawai. Da bazara kuma fentin na bushewa a iska kafin ya isa bodi ya fito da ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemu, sai ka fesa da sassafe ka ɗan matso kusa. Hunturu ƙura ce abokiyar gaba, a nan lakwa ta fi kowa don cikin mintuna kaɗan samanta ya bushe, 2K kuwa tana daɗewa da danƙo tana kama duk abinda ke yawo. Ni ina yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin in fara, ina gamawa in kife bodin da babbar robar abinci mai tsabta.

Kowacce ka zaɓa, ka gwada tukuna. Cokalin roba na cin shinkafa, ka fesa masa kalar motar, ka manna ragowar sitika daga takardar da kake aiki da ita, ko da lambar da ke gefen takardar ce, ka fesa kiliyar yadda kake niyyar yi. Sitikar kamfanin Cartograf na Italiya da ake samu a wasu kwalayen tana da juriya, amma wadda aka buga a gida da firinta ko tsohuwa ta shekaru wani abu ne daban.

Wa ya dace da wacce

In wannan ce motarka ta farko ko ta biyu, ko a ɗakin da kake kwana kake aiki, ko sitikar tsohuwa ce wadda in ta lalace bazaka samu wata ba, ɗauki akirilik, X-22 in kana son guga daga baya, na ruwa in rufewa kawai kake so, ka haɗa da haƙurin sati biyu.

In motar tsere ce ko ta rali mai sitika da yawa, misali Peugeot 405 T16 ta Tamiya wadda Ari Vatanen ya ci Paris-Dakar da ita a 1990 lokacin da tseren ke ratsa Nijar, lakwa siririya ta fi dacewa. Irin waɗannan motocin a zahiri tambarin kamfanoni manna su ake a saman fenti, motar da ta keta sahara kuma bata ƙyallin madubi, hannu uku na raɓa da ɗaya ko biyu masu ɗan nauyi sun wadatar, ba sai ka goge tudun ba ma.

In motar titi ce ko ta baje koli kana son rufi da bonet su zama madubi kuma kana da haƙurin samfefa, GX100 ko GX112, na biyun musamman in motar fara ce ko zata zauna kusa da taga.

2K kuma na bar wa wanda yake da wajen feshi daban da gidan kwana, da fanka mai jan iska waje, da takunkumin da ya dace da safar hannu, kuma yana gama motoci da yawa a shekara yadda hadinar bazata lalace masa a kwalba ba. In kana da aboki mai fentin mota da ke da kayan kariya, wata hanyar ita ce ka fara rufe sitikar da raɓar akirilik ko lakwa a gida, ka barta ta bushe sati guda, sannan ka kai masa bodin a cikin roba mai murfi ranar da ya haɗa kiliya, ka roƙe shi ya rage iska kuma kar ya wuce hannu biyu.